Sinadaran kiwon aladu: Rigimar da ta shafi har waɗanda ba sa cin naman

A ranar 27 ga watan Nuwamban 2020, 'yan majalisar dokokin Taiwan na jam'iyyar adawa ta KMT sun shiga zauren majalisa ɗauke da bokitai cike da kayan cikin aladu, suka yi ta jifa da su a daidai lokacin da firayim ministan wancan lokaci, Su Tseng-chang, ke ƙoƙarin gabatar da jawabi. Kafin ƙura ta lafa sai da aka ba hammata iska.

Musabbabin wannan hatsaniya shi ne shawarar da gwamnatin shugaba Tsai Ing-wen ta yanke ta ba da damar shigo da naman alade daga Amurka, ko da kuwa yana ɗauke da ɓurɓushin wani sinadari da ake kira raktofamin. Abin da ake zubawa na sinadarin bai wuce giram 5 zuwa 10 a cikin tan guda na abincin aladu ba, amma ya shafe fiye da shekaru 20 yana haddasa sa-in-sa tsakanin manyan ƙasashen duniya.

Musulmi, wanda addininsa ya haramta masa cin naman alade, zai iya ganin cewa babu ruwansa da wannan taƙaddama. To sai dai kuma galibin sinadaran da ake kai ruwa rana a kansu ana ba wa shanu da kaji su ko makamantansu, kuma illar wasu daga cikinsu ta riga ta iso asibitocin Afirka ta Yamma.

Lissafin mai kiwo

A manyan gonakin kiwo na Amurka da Turai da ƙasar Sin, abinci ne ke lashe kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan kowane alade. Dabbar kan kai nauyin kilo 120 ko fiye a cikin wata shida kacal, kuma ba ta cin abincin da ya kai kilo 3 kafin ta ƙara kilo guda.

Ga manomin da ke da aladu dubbai, rage kwanaki huɗu ko biyar daga lokacin kiwo riba ce mai kauri. Wannan lissafi ne ya haifar da kasuwar ƙare-ƙaren da ake haɗawa da masara da waken soya, waɗanda za a iya kasa su gida uku.

Kashi na farko su ne masu cike giɓin abincin kansa, kuma babu wata jayayya a kansu. Masara ba ta da isasshen laisin, wato ɗaya daga cikin tubalan da jiki ke gina tsoka da su, saboda haka ake ƙara shi. Akwai kuma sinadarin da ke taimaka wa hanji ya tatsi fosfaras daga hatsi, abin da ke rage yawan wanda ke fita cikin kashi ya gurɓata rafuka. Bitamin E kuwa yana sa nama ya daɗe a kanti bai canja launi ko ya yi ɗoyin tsufan kitse ba.

Alade ba ya tuƙa irin ta saniya ko tunkiya, don haka irin man da ya ci kusan shi ne ke taruwa a jikinsa. Shi ya sa aladun da ake saki a dazuzzukan kudu maso yammacin Sipaniya suna cin 'ya'yan itatuwa suke da kitse mai laushi da ke sa a sayi namansu da ɗan karen tsada. Shi ya sa kuma idan aka cika man kifi a cikin abincin, naman kan yi ƙarnin kifi.

A tsakiyar shekarun 2000, lokacin da Amurka ta dukufa wajen sarrafa masara zuwa man mota na itanol, dusar da ke ragewa ta yi araha, manoma suka rungume ta. Ba da jimawa ba kamfanonin nama suka fara kukan cewa kitsen aladun ya yi ruwa-ruwa, ba ya yankuwa da kyau a inji. Dole aka koma rage dusar a makonnin ƙarshe na kiwo.

Kashi na biyu da na uku su ne tushen rigima: magungunan da ke sauya yadda jikin dabba ke aiki, da kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta da ake ba wa dabbar da lafiyarta ƙalau.

Tsoka ta ƙaru, kitse ya ragu

Raktofamin ɗan gida ɗaya ne da magungunan da masu cutar asma ke shaƙa domin buɗe hanyoyin numfashi. A jikin dabba, yana kwaikwayon sinadarin da jiki ke saki idan an firgita, sai ya karkatar da amfanin abinci daga tara kitse zuwa gina tsoka.

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da shi domin aladu a watan Disambar 1999, inda kamfanin Elanco ke sayar da shi da sunan Paylean. A shekarar 2003 aka amince da shi domin shanu da sunan Optaflexx, daga baya kuma aka haɗa da talo-talo.

Ana bayar da shi ne a kimanin makonni huɗu na ƙarshe kafin a kai dabba mayanka, kuma a wannan ɗan lokaci yakan ƙara saurin girma da cin moriyar abinci da kimanin kashi 10 cikin 100. Dokar Amurka ba ta tilasta a dakatar da shi na wasu kwanaki kafin yanka ba.

Maganin ya zo a kan gaɓa. Tun daga 1987 masu kiwon aladu a Amurka suke tallata naman a matsayin fari marar kitse irin na kaza, kuma mayankun suna biyan manomi ne gwargwadon yawan tsokar da ke jikin dabba. Ya zuwa farkon shekarun 2010 an ƙiyasta cewa kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na aladun ƙasar suna cin wannan sinadari.

Amma araha ba ta ado. Bincike da dama sun nuna cewa naman kan ɗan ƙara tauri, jan launinsa kuma ya ɗan ragu. Babbar illar tana kan dabbar kanta: zuciyarta na bugawa da sauri, tana da wuyar korawa, kuma takardar gargaɗin da ke jikin buhun maganin ta ambaci yiwuwar ƙaruwar aladun da ke jin rauni ko galabaita a kan hanyar zuwa kasuwa. Sanannen abu ne a wajen mahauta cewa dabbar da ta wahala gab da yanka namanta ba ya kyau.

Ƙuri'a 69 da 67

Tambayar da ta fi tayar da jijiyar wuya ita ce ko ɗan abin da ke saura a cikin naman yana cutar da ɗan Adam.

Kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya duba bayanan, ya kuma tsayar da adadin da ya ce mutum zai iya ci kullum ba tare da wata illa ba. Amurka na kafa hujja da wannan.

Hukumar kiyaye lafiyar abinci ta Tarayyar Turai kuwa, da ta duba bayanan a 2009, cewa ta yi ba su isa a gina hukunci a kansu ba. Gwajin da aka dogara da shi an yi shi ne a kan maza shida masu ƙoshin lafiya, kuma an janye ɗaya daga cikinsu saboda yadda zuciyarsa ta riƙa bugawa. Hukumar ta ce gwajin bai nuna halin da masu ciwon zuciya za su shiga ba. Dama tun 1996 Tarayyar Turai ta haramta amfani da dukkan wannan rukuni na magunguna wajen kiwon ƙiba.

Maganar ta kai gaban hukumar Codex Alimentarius, wadda ke tsara ma'aunin lafiyar abinci na duniya, kuma wadda Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ke la'akari da ƙa'idojinta idan ƙasashe suka kai ƙarar juna. Bisa al'ada, hukumar na yanke shawara ne da yardar kowa. A wannan karon, bayan shekaru ana jan ƙafa, sai da aka kaɗa ƙuri'ar sirri a birnin Rum a watan Yulin 2012.

Ƙasashe 69 suka amince da kafa iyakar ɓurɓushin da za a lamunta, 67 suka ƙi. Iyakar da aka sa wa tsoka daidai take da giram 10 a cikin tan 1,000 na nama.

Rinjayen ƙuri'a biyu bai kashe wutar ba. Tarayyar Turai da Sin da Rasha duk sun ce suna nan a kan bakansu. A watan Fabrairun 2013 Rasha ta rufe ƙofarta ga naman alade da na shanu daga Amurka bisa wannan dalili, matakin da wasu a Washington suka fassara a matsayin ramuwar gayya kan takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa wasu jami'an Rasha watanni biyu kafin nan.

A Taiwan ma siyasa ta yi tasiri fiye da ɗakin gwaji. Jam'iyyar KMT da ta yi jifa da kayan ciki a 2020 ita ce ke mulki a 2012 lokacin da aka halatta shigo da naman shanun Amurka mai ɗauke da wannan sinadari, kuma jam'iyyar DPP ta shugaba Tsai ce ta yi adawa a lokacin. Duk wadda ke kan mulki tana buƙatar ƙawancen Amurka. A ƙuri'ar raba gardama ta ranar 18 ga Disambar 2021, masu son a maido da haramcin sun sha kaye da ƙaramin rinjaye.

Abin da ya tsorata ƙasar Sin

Tsattsauran ra'ayin ƙasar Sin, wadda ke samar da kusan rabin naman aladen duniya, yana da tarihi. Tun a shekarun 1990 wasu manomanta suke amfani da kilenbuterol a ɓoye, wani ɗan uwan raktofamin da ya fi shi ƙarfi, ya kuma fi shi daɗewa a jiki, musamman a hanta. Dafuwa ba ta kashe shi.

A 2006 mutane fiye da 300 sun kamu da karkarwa da jiri da bugun zuciya a Shanghai bayan cin naman da ke ɗauke da shi. A 2009 wasu kimanin 70 sun gamu da irin wannan a Guangzhou. A watan Maris na 2011 kuma gidan talabijin na gwamnati ya fallasa cewa wani reshe na Shuanghui, kamfanin sarrafa nama mafi girma a ƙasar, yana sayen irin waɗannan aladu a lardin Henan. An ɗaure mutane da dama, kuma kafin ƙarshen shekarar gwamnati ta haramta sarrafa raktofamin da sayar da shi baki ɗaya.

Kilenbuterol bai tsaya a kan aladu ba. A gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekaru 17 da aka yi a Meziko a 2011, an sami ɓurɓushinsa a fitsarin 'yan wasa 109 daga cikin 208 da aka gwada. Hukumar FIFA ba ta hukunta kowa ba, domin ta gamsu cewa daga naman da aka ba su a masauki suka same shi, a ƙasar da wasu masu kiwon shanu ke amfani da maganin ba bisa ƙa'ida ba.

Wani ɗan gidan kuma, zilfaterol, na shanu ne, kuma tun shekarun 1990 aka fara amfani da shi a Meziko da Afirka ta Kudu. A watan Agustan 2013 kamfanin Tyson na Amurka ya daina sayen shanun da aka ba su shi, bayan da aka riƙa kawo wasu mayanka ba sa iya tafiya.

Mai saye ya yanke hukunci

Abin da masana da jami'an diflomasiyya suka kasa warwarewa, kasuwa ta warware shi cikin 'yan watanni.

A watan Agustan 2018 annobar zazzaɓin aladu ta ɓulla a ƙasar Sin. Ya zuwa ƙarshen 2019 alƙaluman gwamnati sun nuna cewa yawan aladun ƙasar ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100, farashin nama kuma ya ninka. Sin ta shiga neman nama ruwa a jallo, amma ba ta sassauta sharaɗinta ba: duk naman da aka sami raktofamin a cikinsa ba zai shiga ba.

A watan Oktoban 2019 manyan kamfanonin nama biyu, JBS reshen Amurka da Tyson, suka sanar da cewa za su daina karɓar aladun da aka ba su maganin. Smithfield, wanda ya fi su girma a harkar aladu, ya riga su kama wannan hanya, kuma tun 2013 kamfanin Shuanghui na Sin ya saye shi a kan dala biliyan 4.7.

Ba a soke dokar da ta halatta maganin a Amurka ba, ba a kuma gano wata sabuwar hujjar kimiyya ba. Abin da ya faru shi ne mai saye yana da ɗakunan gwaji a tashoshin jiragen ruwansa, yana kuma da ƙarfin mayar da kaya inda suka fito.

Maganin mutane a akushin dabba

Kashi na uku ya fi sauran daɗewa, ya kuma fi su haɗari ga wanda bai taɓa ganin gonar aladu ba.

A 1950 masu bincike na kamfanin magunguna na Lederle a Amurka suka bayyana cewa ɗan ƙanƙanin maganin kashe ƙwayoyin cuta a cikin abinci yana sa 'yan tsaki da 'ya'yan aladu saurin girma. A shekarar da ta biyo baya hukuma ta halatta hakan, duniya kuma ta bi sahu. A yau an ƙiyasta cewa kimanin kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan magunguna da ake sayarwa a duniya dabbobi ake ba wa.

Matsalar ita ce ɗan magani kaɗan a kullum ba ya kashe ƙwayoyin cuta duka. Masu taurin kai ne ke tsira su hayayyafa, sannan su isa ga mutane ta hanyar nama da taki da ruwa da hannun ma'aikata.

Sweden ce ta fara haramta wannan ɗabi'a a 1986. Denmark, wadda ke cikin manyan masu fitar da naman alade a duniya, ta kammala dainawa a shekarar 2000. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta duba sakamakon a 2003, ta gano cewa manyan aladu ba su nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba, ƙananan da aka yaye ne suka riƙa fama da zawo, kuma kuɗin kiwo ya ƙaru da kimanin kashi 1 cikin 100 ne kawai. Tarayyar Turai ta haramta abin baki ɗaya daga ranar 1 ga Janairun 2006. Amurka ta hana amfani da magungunan da ke da muhimmanci ga mutane domin ƙara ƙiba daga 2017, Sin kuma ta cire su daga abincin dabbobi a 2020.

Domin maganin zawon ƙananan aladu, manoman Turai sun koma ɗura musu sinadarin zink mai yawa. Shi ma ya taru a ƙasar noma ta hanyar taki, aka haramta shi daga watan Yunin 2022. Abin da ya rage wa manoman shi ne jinkirta yaye, da tsabtace garke, da allurar rigakafi, da gyara haɗin abinci.

Daga gonakin Sin zuwa asibitocin Kano

Kolistin tsohon magani ne da likitoci suka jingine saboda yana taɓa ƙoda, suka kuma dawo da shi a matsayin makami na ƙarshe idan sauran magunguna sun gaza. A tsawon shekarun da aka jingine shi, an yi ta zuba shi cikin abincin aladu da kaji.

A watan Nuwamban 2015 masana suka ba da rahoton gano wata ƙwayar gado a jikin ƙwayoyin cutar hanjin aladu a Sin, wadda ke sa su jure wa kolistin, kuma take iya tsallakawa daga wani jinsin ƙwayar cuta zuwa wani. An same ta a kashi 21 cikin 100 na dabbobin da aka gwada, da kashi 15 na ɗanyen nama, da kashi 1 na majinyata. Cikin 'yan watanni aka gano ta a wasu nahiyoyin. Sin ta hana amfani da kolistin domin ƙara ƙiba a 2017.

A 2024 masana daga Jami'ar Oxford da abokan aikinsu suka wallafa sakamakon gwajin samfura kusan 5,000 da aka ɗauka daga mata masu haihuwa da jariransu a asibitocin Kano da Abuja tsakanin 2015 da 2017. Sun sami ire-iren wannan ƙwayar gado a jikin iyaye mata 41 da jarirai 8, alhali ba kasafai ake ba da kolistin a asibitocin Najeriya ba. Masanan sun karkata zarginsu ga yadda ake amfani da maganin a harkar kiwo.

Wani babban nazari da mujallar likitoci ta Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani sun kashe mutane miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki asara.

Zaɓin da ke gaban Najeriya

Najeriya na da nata kiwon aladu, kamar a rukunin gonakin Oke-Aro da ke kan iyakar Legas da Ogun, da kasuwar Katsit kusa da Kafanchan. Amma inda darasin ya fi shafar arewacin ƙasar da Jamhuriyar Nijar shi ne gidajen kaji da ke ƙaruwa a gefen birane, da kiwon turke na shanu da ragunan layya, inda ake sayen magungunan dabbobi a shago ko a kasuwar kara ba tare da takardar likita ba, kuma ba kowa ne ke jiran kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba kafin ya sayar da nama ko ƙwai ko madara ba.

A watan Yulin 2024 shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro ma'aikatar bunƙasa kiwon dabbobi. A watan Nuwamban shekarar kuma gwamnatinsa ta sanya hannu kan yarjejeniyar fahimtar juna da kamfanin JBS na Brazil, wanda ya yi alƙawarin zuba dala biliyan 2.5 domin gina masana'antun nama shida: uku na kaji, biyu na shanu, ɗaya na aladu.

Kiwon zamani yana zuwa ne da lissafinsa na rage kwanaki da rage abinci, irin wanda ya haifar da raktofamin da kolistin a wasu ƙasashe. Abin da ya faru a Denmark ya nuna cewa ana iya yin kiwon ba tare da su ba, da ƙarin kuɗi kaɗan. Abin da ya faru tsakanin Sin da kamfanonin Amurka kuma ya nuna cewa masu kiwo na bin ƙa'idar wanda ke iya gwada namansu ne.

Saboda haka abin da masu sa ido za su zuba wa hukumar NAFDAC da sabuwar ma'aikatar ido a kai shi ne jerin sinadaran da za su halatta, da yawan ɗakunan gwajin da za su tanada a mayanku da kan iyakoki, da kuma ko za a riƙa bayyana wa jama'a sakamakon gwajin.